Lissafin Wardugu

Taya ta fashe mini a bakin Faya,
yaron mota ya tafi neman faci.
Rana guda a hannuna, ba abin yi,
sai na ɗaga kai na dubi dutsen nan
da shekara goma sha ɗaya nake wucewa
ina kau da fuska, kamar na hango mai bina bashi.

Na hau.
Matakala ɗari da wani abu, yashi ya cinye rabi.
Sau biyu na zauna, gwiwa tana tuna mini shekaruna,
sau biyu na ce in koma,
ƙafa ta ƙi jin magana.

A sama, ginshiƙin siminti, tsawon mutum biyu,
da tutar da rana ta tsotse wa launi,
da ramuka huɗu a jikin ginshiƙin
inda ƙusoshi suka taɓa riƙe allon tagulla.
Allon babu.

"Masu sayen tsohon ƙarfe," in ji mai gadin,
yana fifita gawayi ƙarƙashin butar shayi.
"Sun ɗora sunayen a sikeli, an biya su."
Wardugu ake ce masa.
Yatsu uku suka rage a hagunsa, da su yake riƙe kofi.
Guntun Larabcina da guntuwar Hausarsa
suka haɗu kamar raƙuma biyu a bakin rijiya.

Ya ce, zo ka gani.
Daga nan Faya duk tafin hannu ce:
dabinai kore shar, bayansu rairayi
har inda ido zai gaji ya dawo.
Ga motata can, kamar kwalin ashana.
Ga tankar yaƙi ta kifa baki a ƙasa,
awaki uku suna shan inuwarta.
"Ta can suka ɓullo, da jijjifin asuba.
Mu muna nan, inda ka taka."

Na ce, ni suna na zo nema.

Ya ajiye kofi, ya rufe ido,
ya fara jero su kamar mai jan carbi:
Togoi ɗan Kalle. Allaci da ƙanensa.
Ngarta, mutumin Sar, da ya zo bai san sanyin sahara ba.
Jimet mai busa ƙaho.
Arba'in da bakwai, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.
Na kasa kunne har ya kai ƙarshe.

Babu Sallau.

Sallau wana, ciki ɗaya,
wanda ya bar mini kekensa a Abeshe
ya ce aro ne, kada in lalata birki.
Inna ta rasu ba ta yarda an raba rigunansa ba.

"Soja ne?"
Na ce a'a. Direba ne, tankar ruwa yake ja musu.
Ya daɗe yana kallon gawayin.
"Masu ruwa ba a rubuta su ba," in ji shi.
"Amma mun sha.
Akwai ranar da harshe ya zama busasshen ƙirgi a baki,
muka hango fitilar wata mota tana tahowa.
Ban san ko shi ne ba.
Sake faɗa mini."

Na faɗa. Ya maimaita, harshensa ya karkace shi.
Na gyara masa, ya sake,
har sunan ya zauna daram a bakinsa.
"Gobe da asuba arba'in da takwas ne."

Can ƙasa yaron mota yana danna oda.
Na miƙa kuɗi, ya ture hannuna,
ya zuba mini dabino bakwai a aljihu.
Na bar masa sukarin da ke jakata.

Da nake sauka ban ƙirga matakala ba.
Keken nake tunawa.
Yana nan a zaure, ya yi tsatsa,
birkin dai da sauransa.